Yadda ake dasa bugenbiliya a gidajen Yamai, a rene ta har ta lulluɓe katanga da fure

Daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da ciyawa ta bushe ƙurmus, ƙurar hunturu kuma ta dusashe ganyen dogon yaro, akwai shuka ɗaya da ke cin kasuwarta a Yamai. Ita ce bugenbiliya, mai ƙayar nan da ke leƙowa ta saman katangun gidaje a Plateau da Yantala, wata ja, wata fara, wata ruwan lemo. Muddin tana samun ɗan ruwa ba ta tsiraita, ganyenta na nan rani da damina, kuma zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ba ya razana wadda ta riga ta kafu.

Duk da haka mutane da yawa sun saya sun dasa ba su ji daɗi ba. Ta wani ta mutu kafin wata ya zagayo. Ta wani kuma ta yi ganye kore shar, ta cika katanga, fure ko na magani babu. Dalilin kusan kullum ɗaya ne. Shukar nan zamani biyu gare ta, abin da take so a na farko kuwa shi ne yake hana ta fure a na biyu. A shekarar farko lallaɓa take so da ruwa a kai a kai. Daga shekara ta biyu sai an ja mata hannu.

Asalinta Kudancin Amurka ne, wajen Burazil da Peru. Faransawa sun ci karo da ita a Riyo de Janero a 1767, cikin tafiyar zagaya duniya a jirgin ruwa da Louis-Antoine de Bougainville ya jagoranta, aka sa mata sunansa. Abin da ya fi amfani ga mai dashe ya sani shi ne wannan: launin da ke ɗaukar ido ba furen ba ne, wasu siraran ganyaye ne uku-uku da ke kewaye da ainihin furen, wanda ɗan ƙarami ne fari a tsakiya. Kuma a kan sabon toho suke fitowa, ba a kan tsohon reshe ba. Riƙe wannan, za mu dawo kansa wurin aski, wato datse rassa.

Wurin da za a dasa

Rana ce uwar aikin. Tana bukatar hasken rana kai tsaye na awa 6 ko fiye a kowace rana. Kada ka dasa ta a ƙarƙashin mangwaro ko dogon yaro, ko a lungun da ke tsakanin ɗaki da katanga. Za ta rayu, ta yi dogayen rassa tana neman haske, amma fure sai dai ka gani a gidan maƙwabci.

Kafin ka sari ƙasa, tsaya ka lura da inuwar gidanka. A nan Yamai rana tana karkata kudu daga ƙarshen damina har zuwa farkon bazara, wato daidai lokacin da shukar ta fi yin fure. Saboda haka gindin katangar da ke fuskantar kudu ko gabas ya fi. Wadda ke fuskantar arewa tana cikin inuwa duk hunturu, shukar ba za ta yi abin kirki ba sai ta hau sama ta leƙa. Ta yamma tana da rana, sai dai simintinta yana ɗaukar zafin la'asar yana dafa ƙaramin dashe, don haka sai an yi masa ƴar inuwa a bazarar farko.

Akwai kuma lissafin zaman gida, wanda uwargida ta fi kowa saninsa. Ƙayarta tana da tsini, ba ta dace da hanyar da yara ke guje-guje ko bakin ƙofa inda za ta riƙa kama mayafi ba. Furen yana zuba kullum, iska ta kwashe shi, don haka nisanta ta da randa, da bakin rijiya, da wurin shanya hatsi. Nisanta ta kuma da makwararar ruwan wanka, domin gindin da ba ya rabuwa da laima ba ya fure. Bar tazarar santimita 60 zuwa mita 1 tsakanin ramin da katanga. In jere za ka yi, bar mita 1 da rabi zuwa 2 tsakanin kowace da ƴar uwarta. Da farko za ka ga kamar fili ya yi yawa, bayan shekara biyu za su haɗe.

Lokaci da sayen dashe

Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen Yuni zuwa Yuli, bayan ruwa ya zauna, ƙasa ta yi sanyi. Ruwan Yamai yana kaiwa wajen milimita 500 zuwa 600 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta, kuma shi zai yi maka rabin aikin ban-ruwa. Wanda ya makara yana iya dasawa a Oktoba ko Nuwamba in yana da ruwa a gida. Daga Maris zuwa Mayu kuwa a haƙura, asarar kuɗi ce. Mutanen Tahoua, inda ruwan bai kai na Yamai ba kuma daminar ta fi gajarta, gara su jira Yuli sosai.

Masu renon tsirrai suna nan a bakin manyan hanyoyi da lambunan bakin kogi. Kada babba ta ruɗe ka. Zaɓi mai tsawon santimita 40 zuwa 60, mai kaurin gindi, mai sabon toho. Ɗaga ledar ka duba ƙasanta. In saiwa ta huda leda ta shiga ƙasa har sai an fizge ta, bar ta, an riga an tsinka mata abin da take rayuwa da shi. In kuma ƙasar ledar sabuwa ce sako-sako, shukar tana rawa a ciki, to jiya ko shekaranjiya aka cusa ta. Tambayi mai sayarwa kai tsaye: "Malam, tun yaushe wannan take cikin ledar nan?" Sayi wadda ke ɗauke da fure ko da kaɗan ne, don ka ga launin da idonka. Ja mai sirkin shuni ita ce mafi ƙarfi da saurin girma, ita nake ba wanda zai fara shawara. Mai farin fure da mai dabbare-dabbaren ganye suna da kyau, amma sun fi son a kula da su.

Ana yawan sayar da ita gefe da gefe da wata shuka mai dogon siririn ganye da fure ruwan hoda, wadda ake kira loriye-roz. Ita ma tana jure rani, amma ganyenta da furenta da itacenta duk dafi ne, ga mutum da dabba, har hayaƙinta. Gidan da ke da ƙananan yara ko awaki ya bar ta a can.

Rami

Haƙa rami mai faɗin santimita 50 da zurfin santimita 50, mako guda kafin ranar dashe. Ƙasar Yamai ba iri ɗaya ba ce. A yawancin unguwanni rairayi ne, ruwa yana wucewa nan take, matsalarsa rashin riƙe abinci. A kan tudu za ka iya tarar da marmara tun kafin ka kai rabin zurfin, sai an sa diga. Kusa da kogi da cikin kwari kuma akwai laka mai riƙe ruwa, ita ce mafi haɗari ga wannan shuka.

Gwajin mai sauƙi ne: cika ramin da ruwa da safe. In ka dawo da azahar ka tarar ya tsotse, ƙasar ta yi. In har la'asar ruwa na kwance, ko dai ka fasa marmarar ka ƙara zurfi, ko ka tara ƙasa ka yi tudu mai tsawon santimita 30 ka dasa a kansa. Gidan da ruwa ke kwanciya a tsakar gida duk Agusta, tudun nan wajibi ne, ko kuwa a koma tukunya.

Cakuɗa kashi biyu na ƙasar saman ramin da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki. In laka ce, ƙara kashi ɗaya na rairayi. Takin ya zama wanda ya shekara, ya yi baƙi, ya daina wari da zafi. Ɗanyen kashin awaki ko na shanu yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Na kaji ya fi su duka zafi, a bar shi. Kada a zuba takin zamani a ramin.

Ranar dashe

Nan ne aka fi kashe ta. Saiwar bugenbiliya siririya ce, mai saurin tsinkewa, ba ta kama ƙasar da ke jikinta da kyau. In dunƙulen ƙasar ledar ya wargaje, shukar takan zubar da ganye duka, wani lokaci ba ta farfaɗowa.

Yi aikin da yamma bayan la'asar. Tun da safe ba ledar ruwa kaɗan, yadda ƙasar za ta haɗe ba tare da ta zama taɓo ba. Mayar da cakuɗaɗɗiyar ƙasa cikin ramin har ya rage daidai tsawon ledar, ka danna ta. Kafa sandar da shukar za ta jingina tun yanzu, kafin ka sa ta, don kada ka soki saiwa daga baya. Kwantar da ledar a hannu, yanke gindinta da reza, ka zaunar da ita a cikin ramin da sauran ledar a jikinta. Sai ka tsaga gefen daga sama har ƙasa, ka zare ledar a hankali. Ko kusa kada ka kama shukar ta kara ka ja. Kada kuma ka warware saiwar da yatsa.

Cike gefe da ƙasa, ka danna da tafin hannu, ba da ƙafa ba. Saman ƙasar ledar ya zo daidai da saman ƙasar gida. In ka binne wuyan shukar zai ruɓe a damina. Yi ɗan gurbi kewaye da ita, zuba bokiti guda na lita 10 a hankali. Ɗaura karan a jikin sanda da tsumma, sako-sako. Kafa mata ƴar inuwa da tsohon buhu ko guntun zana ta gefen yamma na kwana 10. In akwai dabbobi a gida ko a waje ka dasa, kewaye ta da ragar waya a ranar. Ƙayar ƙaramar shuka ba ta hana akuya komai.

In ta zubar da wasu ganyaye a makon farko kada hankalinka ya tashi. Kankare bayan karan da farce: in ciki kore ne, tana da rai.

Shekarar farko

Mako biyu na farko, bokiti guda kowace yamma, sai ranar da aka yi ruwan sama. Bayan haka kowane kwana 2 ko 3. A tsakiyar Agusta sau da yawa ba ta bukatar komai. Aikinka a lokacin shi ne buɗe gurbin kada ruwa ya kwanta a gindinta. Da hunturu sau biyu a mako ya isa. Bazarar farko ita ce jarrabawa: koma kowane kwana 2, da sassafe ko bayan rana ta faɗi.

Ban-ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafi kullum. Ruwan da ya nutse yana jan saiwa ƙasa inda sanyi yake. Yayyafi yana tara ta a sama inda rana za ta gasa ta. Lokacin da famfo ke ɗaukewa ana saye wurin ƴan garuwa, ruwan alwala da na wanke shinkafa ko kayan miya sun wadatar, a tara a bokiti. Ruwan wanki mai omo ko jabel kuwa kada ya kusance ta, gishirinsa yana taruwa a ƙasa yana ƙona bakin ganye.

Rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa yana rage ƙafewar ruwa sosai, amma bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da karan, kuma ka riƙa ɗagawa kana duba gara. Ganyen dogon yaro ya fi dacewa da wannan aiki, ga shi kyauta.

Bayan mako 6 da dashe, in sabon toho ya fito, za ka iya barbaɗa cokalin cin abinci ɗaya na takin zamani da ake kira 15-15-15 a kewaye, nesa da karan da kamar santimita 20, ka bi da ruwa. Maimaita sau ɗaya kafin damina ta ƙare.

Ɗauri da aski

Bugenbiliya ba ta naɗe abu, ba ta kuma manne wa bango. Jingina take yi, ƙayarta ta maƙale. In ba a ɗaure ta ba sai ta zube ƙasa ta zama sarƙaƙiya. Buga ƙusoshi masu ƙarfi a katanga, ka ja waya mai kauri layi biyu ko uku a kwance, tazarar santimita 50. Zaɓi rassa uku ko huɗu masu ƙarfi, ka baza su hagu da dama, ka ɗaure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a nan maganar ba karin magana ba ce kawai: reshen da ya shekara ya ƙi lanƙwasuwa, sai dai ya karye. Reshen da aka kwantar yana fitar da toho a duk tsawonsa, katanga ta cika tun daga ƙasa. Wanda aka bari ya miƙe tsaye yakan tara furensa can sama, ƙasa ta zama itace tsirara.

Duba ɗaurin nan a watan Mayu. Guguwar da ke zuwa daga gabas gabanin ruwan farko tana iya ɓamɓare shukar shekara uku daga katanga cikin minti kaɗan. Tsumman da ya fara cin jikin reshe a kwance shi a sake ɗaurawa.

Aski iri biyu ne. Ƙarami shi ne na bayan kowane zubin fure: da furen ya bushe, datse kan reshen da kamar santimita 10 zuwa 15. Kowane wurin da ka datse zai fitar da toho biyu ko uku, tohon nan kuwa shi ke ɗauke da fure na gaba. Babban aski sau ɗaya ne a shekara, a farkon damina. Cire busassun rassa, da masu shiga cikin juna, da masu tsallakawa gidan maƙwabta ko kan hanya, ka rage sauran da kamar kashi ɗaya cikin uku. Za ka ga wasu rassa masu kauri, masu manyan ƙayoyi, da ke harbowa tsaye daga gindi da sauri. In ba kana neman cike wani gurbi ba, yanke su daga tushe, cin abinci suke yi kawai. Share ƙasan shukar yadda za ka iya ganin gindinta, kada ya zama maɓoyar kunama ko maciji. Kada a yi babban aski a Afrilu, rana za ta ƙona rassan da aka tone. Kada kuma a yi shi a Oktoba, furen hunturu za ka zubar.

Sa safar hannu mai kauri da riga mai dogon hannu. Ruwan jikinta yana sa wasu ƙaiƙayi. Rassan da aka yanke a tattara su nan take, ƙayarsu tana huda silifa.

Yadda ake sa ta yi fure

Daga shekara ta biyu sai a juya akala. Da damina ta ɗauke, bar ƙasar ta bushe. Kada ka ba ta ruwa sai ka ga kan sabon toho ya ɗan sunkuya tun da safe, ba da tsakar rana ba, domin da rana kowane ganye yana laushi. Sannan ka ba ta bokiti biyu lokaci guda, ka sake barin ta. Cikin ƴan makonni launi zai fara bayyana a kan rassan. Da ya bayyana, koma ban-ruwa sau ɗaya a mako, don ƙishirwa mai tsanani a wannan gaɓa tana zubar da furen. Da bazara sau biyu a mako.

Takin zamani na ure shi ne babban abokin gabar fure. Abincin ganye ne zalla, da shi shukar za ta yi kore har ta ba ka sha'awa, shi ke nan. Kwano guda na ruɓaɓɓen taki a farkon damina da cokali biyu na 15-15-15 a ƙarshenta sun ishi babbar shuka shekara guda. Wadda aka dasa kusa da fangalin alayyafo ko latas, tana shan ruwansu da takinsu kullum, ita ma ganye za ta yi ta yi.

In ganye ya sauya

Sabon ganye ya yi rawaya amma jijiyoyinsa na nan kore: shukar ta kasa jan sinadarin ƙarfe daga ƙasa. Yawanci ruwa ne ya yi yawa, ko kuwa ƙasar cike take da ɓaraguzan siminti da toka, abin da ya zama ruwan dare a gindin sabuwar katanga. Rage ruwa, kwashe ɓaraguzan, ƙara ruɓaɓɓen taki, a daina zuba tokar murhu a wurin. Tsofaffin ganyaye na ƙasa su yi rawaya su zuba alhali ƙasa na jiƙe, wannan saiwa ce ta fara ruɓewa; tsayar da ruwa gaba ɗaya har ta bushe.

Ƙwari ba su cika damunta ba. Darɓa takan taru a kan sabon toho, akwai kuma wani farin ƙwaro mai kama da auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye, sai tsutsa mai cin ganye da damina. Daka busassun ƴaƴan dogon yaro kimanin giram 500, jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, tace, narka ɗan sabulun solo a ciki, ka fesa da yamma har bayan ganye. Maimaita bayan mako guda. Ƙurar hunturu kuma a riƙa wanke ta daga ganye da ruwa lokaci-lokaci.

Samun sabon dashe daga tsohuwa

Ba sai ka sake saye ba. A Yuli ko Agusta yanki reshe mai kaurin fensir wanda ya fara yin itace amma bai tsufa ba, tsawon santimita 15 zuwa 20, mai gaɓa uku ko huɗu. Yankan ƙasa ya zo dab da gaɓa. Cire ganyen duka ban da biyu na sama. Cusa rabinsa a leda mai huji, cike da rairayi da ɗan taki kaɗan, ka ajiye a inuwa mai haske, ƙasar ta kasance da danshi ba jagab ba. Yi da yawa, don ba duka ke kamawa ba. Saiwa tana ɗaukar mako 6 zuwa wata 3. Toho yakan riga saiwa fitowa, kada ka ja don dubawa.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce kwantar da reshe. Sunkuyo da wani dogon reshe na ƙasa, kankare ɓawonsa kaɗan a ƙarƙashin wata gaɓa, binne wurin a cikin leda mai ƙasa da ka ajiye a gefe, danne da dutse, kan reshen yana waje. Uwar tana ciyar da shi har ya yi saiwa. Bayan wata 2 ko 3 sai ka yanke shi daga jikinta, ka bar shi mako biyu a inuwa kafin dashe.

Mai zaman haya ko wanda tsakar gidansa siminti ne ya nemi babbar tukunyar siminti ko rabin tano, ya huda gindin wuri huɗu ko biyar, ya ɗora a kan bulo don ruwa ya riƙa fita. Matsin tukunya yana ƙara mata fure, sai dai ƙasar tana saurin bushewa: da bazara kullum ne ban-ruwa, da hunturu kowane kwana 2 ko 3. Tano na ƙarfe yana zafi da rana, a naɗe shi da buhu ko a shafa masa farin fenti. Kowace shekara a farkon damina a kwashe ƙasar sama kamar santimita 5 a zuba sabuwa mai taki, ba tare da an taɓa saiwar ba.